Hular da Na Kai wa Mai Laima

Tun da na dawo daga Amurka abokai ba su bar ni na huta ba. Wanda duk na haɗu da shi, a ofis ko a bakin masallaci, sai ya ce, "Sabo, yaya ƙasar take?" Kafin in rufe baki kuma ya ɗora da, "Wai gaskiya ne abin da aka ce Isuhu ya yi?" Na daɗe da lura cewa tambaya ta biyun ce ke kawo su. To ga abin da na iya tunawa. An kwana biyu, ni kuma ba mai kaifin hadda ba ne. Mai yiwuwa na haɗa abin da ya faru wata rana da na wata, ko na sa wa wani magana a baki ba daidai yadda ya faɗe ta ba. Inda nake shakka zan faɗa.

Dole in fara da mawaƙin, don ba domin shi ba da babu labarin. Wani Baturen Ingila ne mai tsara waƙoƙinsa da kansa, ya kaɗa jita ya rera. Mu ɗaliban Samaru ba ma kiransa da sunansa. Mai Laima muke ce masa, saboda a bangon faifansa na farko yana tsaye riƙe da baƙar laima, alhali ba ruwa ake yi ba. Haka muke raɗa wa faya-fayansa suna da hoton bango: mai laima, mai taga, mai jirgin ƙasa. Ina jin ba zan yi ƙarya ba idan na ce ni na shigo da shi ɗakunan kwananmu. Na gaji faifan farko daga wani malaminmu Bature da zai koma gida. Nakan zauna da ƙamus, in ɗaga allurar garmaho in mayar, in ɗaga in mayar, har sai na kama kowace kalma.

Faifai biyun farko shi kaɗai ne da jitarsa, yana ba da labarin garinsu na bakin teku, da mahaifinsa ma'aikacin tashar jirgin ruwa, da wata da ta tafi ba sallama. A mai jirgin ƙasa ya ƙara fiyano da goge irin nasu, kuma shi ne ya fitar da shi duniya. Daga nan, a ganina dai, ya yi kuskure: ya ɗauko 'yan ganga da jitar lantarki, ya yi faifai biyu masu hayaniya, masoyansa suka watse. Sai aka ji shi tsit na wasu shekaru. Wasu sun ce ciwo ne, wasu sun ce rigima ce da kamfani. Ban tabbatar da ko ɗaya ba. A farkon shekarun tamanin, daidai lokacin da ni da Isuhu muka samu gurbin ƙaro karatun aikin gona a garin Greensboro na Amurka, na ji a rediyo cewa ya dawo shi kaɗai da jita, yana zagaya ƙananan garuruwan Amurka.

Isuhu abokina ne tun muna firamare a Funtuwa. A ɗakina ya fara jin Mai Laima. Yana da murya, wannan ba na musu, amma rabin kalmomin da yake rerawa nasa ne, ba na mawaƙin ba. Idan na gyara masa sai ya ce, "Allah ya gafarta limamin Mai Laima." Da haka sunan Liman ya bi ni.

Kafin mu tashi na je wurin wani maɗinkin hula a birnin Zariya, na zana masa laima a takarda, na ce ya jera mini su kewaye, baƙi a kan fari. Ya dube ni, ya dubi takardar, ya ce shi dai bai taɓa ɗinka wa mutum laima a ka ba, amma zai gwada. Ta yi kyau ƙwarai. Nufina sananne ne ga kowane Bahaushe: idan mawaƙi ya taɓa maka zuciya, kakan ba shi riga ko hula, sanƙiransa ya ɗaga ta sama, ya faɗi sunanka da na garinku, jama'a su shaida. Abin da nake so ke nan, sau ɗaya a ce "Sabo na Funtuwa" a gaban mutumin nan. Ban san ko hanya za ta haɗa mu ba, amma na naɗe hular a cikin sabon tawul na sa a jakar hannu.

Daga Kano muka tashi. Ban ci abincin jirgi ba, don ban san me ke ciki ba, kuma na ji nauyin tambaya. Isuhu ya cinye nasa da nawa, sannan ya kwance kilishinsa ya yi ta rabawa, har ma'aikatan jirgin suka riƙa zuwa da kansu suna karɓa. Mun yi dogon jira a Landan kafin mu canza jirgi. Na san ba hankali a ciki, amma duk dogon Baturen da ya gifta da akwatin jita sai na bi shi da kallo.

A New York aka buɗe kayanmu. Tun a gida na shirya bayanin kowane ƙulli da Turanci mai kyau: kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, kilishi. Jami'in ya kwance daddawar, ya ja da baya kamar an mare shi. Ya bar mini kuka da kuɓewa, ya jefa daddawa da kilishin a wani babban kwando, wai nama ba ya shiga. Da ya tambayi Isuhu ko yana ɗauke da nama, sai Isuhu ya shafa cikinsa ya ce e, yana nan. Mutumin ya yi dariya ya buga masa hatimi. Ni kuwa ya zaro hular daga tawul ya ce ko ta ibada ce. Na fara yi masa bayanin matsayin mawaƙi a ƙasar Hausa, sai Isuhu ya leƙo ya ce, "Tsaraba ce." Aka sallame mu. Gaskiya ya faɗa, amma ni aka tambaya.

Daga nan bas muka shiga zuwa kudu, tafiyar da ta fi Kano zuwa Legas a jikina, ko da yake ban auna ba. Sanyin cikin motar ya fi na waje. Duk inda aka tsaya ba na sauka, ina tsoron a tafi a bar ni, jakar hular na kan cinyata. Isuhu kuwa ya sauka ko'ina. A wani zango ya dawo da soyayyen kifi da wata tsohuwa ta ba shi, wai ya yi kama da jikanta. Ni ba wanda ya ce na yi kama da kowa.

Masaukinmu yana gabashin garin, unguwar baƙaƙen fata da ke kewaye da jami'a, a gidan wata dattijuwa da ta yi ritaya daga masaƙa. Mama Dora muke ce mata. Mutanen unguwar suna da gaisuwa, ba kamar yadda aka tsorata mu ba. Da yamma kowa na zaune a barandar gidansa, ka wuce ya ɗaga maka hannu ya ce yaya kake. Sai dai ba a jiran amsa. Na yi makonni ina tsayawa ina ba da amsa cikakkiya, har in tambayi iyali da gajiya, kafin in gane cewa mai gaisuwar ya riga ya koma kan jaridarsa.

Da safe tana dafa mana wani abu na tsakin masara, kamar fate amma ba ganye ba yaji, sai man shanu a sama. Shayinsu da ƙanƙara ake sha, ga sukari kamar za a yi alewa. Akwai wani ganye da take dafawa mai kama da kabeji, wanda na ji an ce sukan jefa masa naman alade don ɗanɗano. Saboda haka kullum sai na tambaya me ke cikin tukunya. Ba don raini ba, don in samu natsuwa. Da ta gaji sai ta sayo sabuwar tukunya ta ɗaura mata jan zare a mariƙi, ta ce wannan tamu ce, kada in ƙara tambaya. Na gode mata har zuciya. Amma tun daga ranar ni Mista Tambaya nake, Isuhu kuwa, wanda bai taɓa tambaya ba don ya san ina yi mana, shi ne "ɗana". Shi ake ajiye wa gefen burodin masara mai ƙamshin ƙuna.

Garin ba na mai tafiya a ƙasa ba ne. Wanda ba shi da mota kamar gurgu yake. Allah ya haɗa mu da Malam Idi, mutumin Maraɗi da ya riga mu zuwa, mai wata tsohuwar mota da ba ta tashi sai an roƙe ta. Shi ke kai mu Juma'a a wani ɗaki da 'yan'uwa suka kama, shi ke kai mu gona bayan gari mu yanka rago da hannunmu. Maganarsa duk "bon" ce da "wala", irin ta masu jin Faransanci.

Wajen ƙarshen zangon karatu na farko farfesanmu ya gayyace mu cin abinci a gidansa a Irving Park, unguwar masu hali, inda gida ɗaya zai ɗauki zuriyar kakana duka. Al'adunsu a nan sun ɗaure mini kai. Ana zagaya da baƙo ko'ina, har ɗakin barci. Kare na kwance a kan kujera, mutane na cin abinci a tsaye. Ina neman inda zan raɓe sai idona ya faɗa kan kantar faya-fayai, ga mai taga a gaba, bangonsa ya sha hannu. Na ɗauka. Matar farfesa ta matso ta ce ko na san shi.

Na ce, "Ina jin zan iya cewa na ɗan san shi." Na fara yi mata bayanin bambancin faifan nan da wanda ya biyo shi, da dalilin da ya sa nake ganin fiyano bai ɓata shi ba amma lantarki ya ɓata. Ban kai rabi ba sai na ji murya a bayana. Isuhu ne, da farantinsa a hannu, yana rera waƙar mahaifin nan na tashar jirgin ruwa. A baiti na biyu ya yi kuskure wuri uku da na sani. Matar ta dafe ƙirji, idonta ya kawo ruwa.

Ta ce masa, "A ina ka koya?"

Ya ce, "Ai a Najeriya kowa ya san shi."

Ba kowa ba ne. Ni ne, da waɗanda suka zauna a kan katifata.

Nan ta gaya mana cewa mawaƙin zai zo garin idan sanyi ya wuce, zai yi wasa a filin wata ƙaramar kwaleji. Bayan kwanaki ta aiko wa Isuhu tikiti biyu, da saƙon ya zo da abokinsa. Haka na je ganin Mai Laima a matsayin abokin Isuhu.

Ranar Lahadi ce, bayan azahar. Malam Idi ya kai mu, ya sayi nasa tikitin a ƙofa, wai yana so ya ga abin da ke hana ni barci. Jama'a sun baje barguna a kan ciyawa, wasu a kwance, ƙafafu miƙe wajen dandamali. A gida da mawaƙi ya ga haka da ya naɗe kayansa. Da Mai Laima ya fito ban gane shi ba. Gajere ne, ba dogo ba, kansa ya fara sanƙo, rigarsa kamar ta mai gyaran famfo. Ba 'yan amshi, ba makaɗa, kujera ɗaya da jita. Amma da ya taɓa tsirkiya ya buɗe baki, sai na ji ni a ɗakina na Samaru, da ƙamus a cinya. Muryar ta ɗan dushe, kuma ina ganin dushewar ta ƙara mata. Ya bi waƙoƙin mai taga ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa na mai jirgin ƙasa, bai ko waiwayi na lantarki ba. Na ji daɗin wannan, kamar ya ji shawarata.

Hular na cikin tawul a ƙarƙashin hannuna. Abin da ya dame ni shi ne ban ga sanƙira ba.

Isuhu ya ce, "Liman, tashi ka miƙa masa mana."

Na ce, "In miƙa masa hannu da hannu kamar sadaka? Wa zai ɗaga? Wa zai faɗi suna?"

"Kai ka faɗa da bakinka."

"Mutum ya yi wa kansa shela? Haba Isuhu."

Malam Idi ya ce, "Bon, Malam Sabo, nan fa ba Maraɗi ba ce. Ban ga alamar suna da wannan sana'ar ba."

Na ce ba zai yiwu mawaƙi mai wannan daraja ya ƙetare teku ba mai karɓar masa kyauta. Wataƙila nasu a baya yake tsayawa. Na ga masu gadi biyu a gefen dandamali, na ji tsoron kada su ga mutum da ƙunshi su zaci wani abu, ko su karɓe kamar kilishi. Sai na ba Isuhu tawul ɗin na ce ya riƙe mini, in je in gano mutumin in dawo.

A bayan dandamali na tarar da wani mai gemu yana naɗe wayoyi. Na yi masa bayani a tsanake. Ya saurara da kunne ɗaya, ya nuna mini wata mata da ke sayar da faifai a kan tebur. Na sake bayani daga farko. Ta ce a'a, ba su da mai wannan aiki, amma ga kwali can, masu kawo tsaraba nan suke sakawa. Na leƙa: furanni ne da suka fara yaushi, da 'yar tsana, da kwalbar zuma. Na ce mata ko akwai wanda zai faɗi sunan mai kyautar. Ta ce in rubuta a takarda in liƙa. Ina tsaye ina auna ko wannan ya wadatar, sai na ji filin ya ɗauki sowa, wata iri dabam da ta ɗazu.

Na zagayo da sauri. Isuhu na tsaye a bakin dandamali, masu gadin na kallonsa suna murmushi. Mai Laima ya durƙusa a gabansa, ya sunkuyar da kai, Isuhu na sa masa hulata da hannu biyu. Har da gyara mata zama, ya ɗan karya ta gefe yadda 'yan birni ke yi. Na ga ya kai baki kunnen mawaƙin ya yi magana. Mawaƙin ya miƙe, ya taɓa laimomin da yatsa, ya yi dariya, ya ce ta lasifika yana gode wa abokinsa daga Afirka, ya nuna Isuhu. Jama'a suka tashi tsaye. Sannan ya rufe da waƙar farko ta faifan farko, wadda na fi kowace so, da hulata a kansa. An ce ya rera ta da kyau. Ni ban ji ba.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida.

Isuhu ya ce, "Liman, da bakinsa ya ce saura waƙa ɗaya. Na duba ban gan ka ba. Da na jira, da hular nan Funtuwa za ta koma."

Na ce, "Ka faɗa masa sunana?"

"Na faɗa."

"Me ka ce?"

"Na ce daga Sabo."

"Sabo kawai? Ba gari?"

"Ka ji ka. A cikin wannan hayaniya har da unguwa kake so?"

Na juya ga Malam Idi. Bai ɗauke ido daga titi ba, ya ce, "Wala, ni dai na ga baki yana motsi."

Ba zan ce Isuhu ya yi ƙarya ba. Ban taɓa kama shi da ƙarya babba ba. Sai dai idan ya ce daga Sabo, me ya sa mawaƙin ya nuna shi? Mai yiwuwa bai ji ba. Mai yiwuwa ya zaci Sabon shi ne mai maganar, wanda idan haka ne, to sunana ya shiga kunnensa da fuskar wani. Na juya wannan a raina ta kowace fuska, ban samu wadda ta yi mini daɗi ba.

Hoton Isuhu yana sa wa mawaƙin hular ya fito a jaridar ɗalibai. Mama Dora ta yanke ta manna a jikin firiji, inda nake ganinsa kowace safiya idan na je ɗaukar madara. Mun ƙare karatu lafiya, sakamakona ya ɗan ɗara nasa, amma har yau ba wanda ya tambaye ni wannan.

Bayan mun dawo gida da kamar shekara, wani da ya je Landan ya kawo mini sabon faifan Mai Laima. Yana zaune a kan matakala, jita a gefe, hular a kansa, da karin nan na gefe yadda Isuhu ya yi mata. Faifan shi kaɗai ne da jita kamar na farko, kuma ina jin tun mai taga bai yi kamarsa ba, ko da yake ba ni ne ya kamata a tambaya ba, don ban taɓa iya sauraronsa da bangon a gabana ba. Bisa al'adarmu ya kamata a kira shi mai hula. Na samu labari ɗaliban Samaru hular Isuhu suke ce masa.

Kwanan baya na je Kaduna, na sauka a gidan Isuhu. Ya sa bangon a gilashi ya rataye a falo. Baƙi suka shigo, ɗaya ya tsaya a gaban hoton ya ce, "Kai, Malam Isuhu, wa ya ba ka dabarar laimar nan?" Isuhu ya yi murmushi ya ce, "Ai labarin da tsawo," ya tura musu lemo. Na jira tsawon labarin, bai zo ba. Sai da ya raka su ya dawo, ya zauna kusa da ni, ya dafa gwiwata.

Ya ce, "Liman, ai ka san taka ce."

Na ce, "Ni na sani. Su fa?"

Ya yi dariya ya ce, "To ka rubuta mana. Ai ka fi ni alƙalami."

Shi ne na rubuta. Na yi ƙoƙarin kada in zalunce shi, kuma inda na faɗi abin da ba haka ba, ina neman gyara. Maɗinkin hular yana nan da ransa a Zariya, zai iya tuna wanda ya zana masa laima. Malam Idi, idan wannan ya iske ka a Maraɗi, ka duba maganganun da na sa maka a baki. Sauran 'yan'uwa da muka zauna tare a Greensboro, wanda ya ga kuskure a hanya, ko masauki, ko jerin faya-fayan, ya aiko mini ta hannun duk wanda ya san ni, zan karɓa da godiya. Amma wanda na fi nema shi ne wanda ya zauna a sahun gaba a filin nan, kusa da bakin dandamali ta hannun dama, ko da Bature ne. Ya taimake ni da abu ɗaya: Isuhu ya ce Sabo, ko bai ce ba?